Jakar Guzurin Hajiya a Orlando

Ƙarfe ɗaya ta gota, muna tsakiyar layin sayen abinci, sai na ji an kama gefen mayafina. Hannun Hajiya ne, yana karkarwa. Da na juyo na ga gumi na tsattsafo mata a goshi, amma ba irin wanda rana ta fito da shi a jikin kowa ba, wannan mai sanyi ne, leɓɓanta kuma sun bushe. Ta sassauta murya don kada jikokinta su ji, ta ce, "Ke, nemo min wurin zama. Jiri nake gani."

Mutanen da ke gabanmu sun kai talatin, na bayanmu ma haka, kuma duk wata kujera da ke inuwa da mai ita. Yaya ne ya fita daga layi a guje ya dawo da lemon kwali. Wata baiwar Allah ta tashi ta ba mu bencinta. Na zaro na'urar gwajin suga daga jaka, ni ma hannuna na rawa, na soki yatsarta: 62. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga ya san idan ya sauka ƙasa da 70 ba wasa. Ta sha rabin kofi, muka jira minti 15 kamar yadda likita ya koya mana, muka sake gwadawa, ya ɗan hau. Sai a lokacin na tuna abin da ta sa a cikinta tun asuba: shayi kofi ɗaya, burodi yanka ɗaya, da ƙwayar maganinta. Da wannan ta yi awa huɗu tana tafiya a ƙasa cikin rana.

Ranarmu ta farko ke nan a Orlando, a jihar Florida ta Amurka, a ɗaya daga cikin filayen wasanni da lilo da suka cika garin. Mu shida ne: Hajiya, da Yaya wanda ya daɗe yana aiki a Atlanta, da matarsa da muke kira Anti, sai ni da yarana biyu, mace mai shekara 11 da Auta mai shekara 6. Hutun makaranta na watan Agusta muka yi amfani da shi. Daga Kano muka bi ta Legas, jirgi ya yi awa 12 da wani abu da mu kafin Atlanta, bayan kwana biyar kuma Yaya ya tuƙa mu kilomita kusan 700 zuwa kudu, zuwa wani gida mai kicin da ya kama mana a Kissimmee. An shirya tikiti, an shirya takalma, an shirya hular rana. Maganar abinci kuwa babu wanda ya tayar da ita, kowa ya ɗauka ai in an ji yunwa sai a saya.

Abin da ya biyo bayan tsoratar da muka yi shi ya fi damuna har yau. Da layi ya zo kanmu babu mai sauran natsuwar karanta allo. Abin da ido ya fara gani shi muka nuna: soyayyen dankali, fiza, lemon kwalba a manyan kofuna da Auta sai da hannu biyu yake riƙewa. Hajiya da sukarinta ya faɗi ɗazu, kafin la'asar ya yi sama fiye da kima. Auta ya hau wani lilo mai juyawa da cikinsa dam, yana saukowa ya amayar. Yayarsa ta ɓata rai, ni na yi mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kafin ƙarfe biyar muna mota, babu mai ce wa wani uffan. Ban ga laifin kowa a wurin nan ba, sun sayar mana da abin da muka nema ne. Mu ne muka bari yunwa ta yi mana zaɓi.

Bayan sallar isha'i Hajiya ta tara mu a falo. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, sai dai ta dubi wajensa ta ce, "Kai, ba a fafe gora ranar tafiya. Da ƙuruciyata in za mu Ikko a jirgin ƙasa, tun ana jibi ake daka dakuwa, a soya ƙuli-ƙuli, a dama fura a gora. Wa ya taɓa jiran sai ya isa tasha sannan ya san abin da zai ci? Ku da kuka yi boko ne za ku fita da tsohuwa da ƙananan yara hannu na dukan cinya?"

Ta tuna masa kuma da kilishi da dambun naman da ta so tahowa da su ya hana. A nan dai yana da gaskiya, domin jami'an kwastan na Amurka ba sa barin a shigo da nama daga ƙasashenmu, kuma wanda ya ɓoye aka gano tara zai biya. Amma maganarta ta zauna. Anti ta buɗe waya ta karanto mana ƙa'idar filayen wasanni na kamfanin Disney, inda za mu yi sauran kwana ukun: an yarda baƙo ya shiga da abincinsa da abin shansa, in dai ba giya ba ce, ba a cikin kwalbar gilashi ba, ba kuma abin da sai an ɗumama ba. Ba a shiga da ƙanƙara a warwatse, sai dai a daskarar da ruwa a gorar roba. Jaka kada ta wuce santimita 61 a tsawo. Ni duk zatona irin waɗannan wurare ƙwace abinci suke yi a ƙofa.

A daren muka fita kanti. Muka sayo ƙwai, tuffa, inabi, karas, kokwamba, gyaɗa marar gishiri, dabino, burodin alkama da kifin gwangwani. Anti ta taho da garin wake daga wani shagon kayan Afirka a Atlanta, don haka kafin mu kwanta an dafa alale, an ƙulla shi ƙanana-ƙanana, ya huce ya shiga firij. Washegari da sassafe, lokacin hantsi ya yi a Kano saboda tazarar awa biyar, Yaya ya kira likitan Hajiya. Bayaninsa gajere ne: doguwar tafiya a ƙasa kan ƙone suga, maganin da take sha shi ma yana saukar da shi, saboda haka kada ta sha shi ba tare da abinci na gaske ba, kada awa uku ta wuce ba ta tauna wani abu ba, a kuma gwada ta da tsakar rana.

Da alale biyu-biyu da dafaffen ƙwai a cikinmu muka nufi Magic Kingdom, mafi tsufa a filayen Disney huɗu na Florida, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1971. Abin da ban sani ba sai da na je shi ne, mota ba ta kai mutum ƙofa. Ana ajiye ta can nesa, sannan a hau jirgin ƙasa mai dogo ɗaya ko jirgin ruwa a tsallake wani tafki. Mun zaɓi na ruwa, yara na ta ihu da suka hango hasumiyoyi masu shuɗin rufi na fadar da ke cikin filin. Ni kuwa lissafi nake yi: duk wanda ya ce zai fita waje ya ci abinci mai sauƙi ya dawo, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye masa fiye da awa guda. Wanda ya shiga ya shiga ke nan. A wurin bincike jami'in ya leƙa jakarmu, ya ga ƙulle-ƙullen alale, ya tambaya mene ne, Anti ta ce wake ne, ya yi murmushi ya miƙo mana.

Zafin Florida a Agusta ba irin na Kano ba ne. Namu na watan Afrilu yakan kai maki 40 amma busasshe ne, in ka sami inuwa ka tsira. Nasu bai cika wuce 33 ko 34 ba, sai dai iskar jiƙe take kamar ta Legas, gumi ba ya bushewa a jiki. A irin wannan yanayi na lura yaro ba ya bambance ƙishirwa da yunwa, kuma abin da zai fara nunawa shi ne lemo mai ƙanƙara a hannun wani. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya na mililita 355 yana ɗauke da suga giram 39, kusan ƙaramin cokali goma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa take yi kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a wuni, in ya iya rage rabin hakan ma ya fi. Kofunan da muka sha jiya sun fi gwangwani girma nesa ba kusa ba. Abin da ya cece mu shi ne wani abu da Anti ta sani mu ba mu sani ba: a duk kantar da ake sayar da abinci na tafi-da-gidanka a cikin filin, in ka nemi kofin ruwan sanyi za a ba ka kyauta, ko ba ka sayi komai ba. Da farko kunya ta hana ni tambaya. Da na ga yadda yarinyar da ke aiki a kantar ta miƙo min kofi huɗu ba tare da ta canja fuska ba, sai na saki jiki. Hajiya ta kafa doka: kafin a shiga kowane layi, kowa ya sha ruwa. Ta ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wajen ƙarfe goma, muna zaune a inuwa yara na cin inabi, Yaya ya buɗe manhajar My Disney Experience ya ce mu zaɓi abincin rana yanzu. Na ce masa ai ba mu ji yunwa ba tukuna. Ya ce, "Shi ya sa." A manhajar mutum na ganin duk abin da gidan abinci ke da shi, ya zaɓa, ya biya, ya ɗauki lokacin da zai zo karɓa, in ya iso ya danna cewa ga shi nan. Babu layi, babu mutum a bayanka yana hura maka wuya. A nan ne na fara ganin wata 'yar alamar koren ganye a gefen wasu abinci. Tun 2019 suka fara sa ta, ma'anarta abincin daga tsiro kaɗai aka yi shi, babu nama, babu madara, babu ƙwai. Ga Musulmi wannan alama ta rage rabin tambaya, domin damuwarmu a irin waɗannan ƙasashe ba naman alade da ake gani ƙuru-ƙuru ba ne kawai. Akwai wanda ake yankawa ƙanana a cikin wake, akwai sinadarin jelatin da ake samu daga fata ko ƙashin dabba a alewa, akwai kifin da ake kwaɓa fulawarsa da giya. Duk da haka nakan tambaya, kuma ban taɓa tambaya aka nuna min gajiya ba. Sun saba da masu cutar da ba ta son gyaɗa ko alkama, suna da jerin abin da ke cikin kowane girki.

Ƙarfe 11 da 'yan mintuna muka shiga Columbia Harbour House, gidan abincin da ya fi ƙarfi a kifi. Mun karɓi gasasshen kifin salmon da shinkafa da koren wake, muka hau bene. Wannan bene ina ba duk mai tafiya da tsoho shawarar ya neme shi. Mutane da yawa ba su san da shi ba, akwai sanyi, akwai shiru, ta taga kana kallon jama'a na kai da komo a ƙasa. Faranti huɗu muka saya mu shida, muka haɗa da kokwamba da karas ɗinmu, kuma ya ishe mu, don awon abincin Amurka na mutum ɗaya yakan ciyar da biyu a wajenmu. Hajiya ta cinye kifinta da waken, ta ture rabin shinkafar gaban Auta tana cewa, "Ungo maigida, kai ne mai noma." Kafin mu sauko sha biyu ta yi, layin ƙasa ya kai bakin ƙofa, ga yara na kuka, ga iyaye na ɗaga murya. Na ga fuskata ta jiya a fuskar wata mata da ke saɓe da jariri tana ƙoƙarin karanta allo, tausayinta ya kama ni.

Akwai abin da ba a iya kauce wa ƙamshinsa a wurin nan: cinyar talotalo. Za ka ga mutum na tafe riƙe da ita kamar taɓarya ƙarama, yana yaga da haƙori. Auta ya tsaya cak yana kallo. Namanta ja-ja ne, har wasu na rantsuwa alade ne, amma talotalo ne da aka jiƙa a ruwan gishiri aka kuma yi masa hayaƙi, shi ya ba shi wannan launi. Mu abu biyu ya raba mu da ita. Na farko yanka. Na san malamai sun yi saɓani a kan yankan Ahlul Kitabi, na kuma san Musulmi da yawa a can suna ci, ban ga abin zargi a kansu ba, amma gidanmu a kan kifi da ganye muka tsaya in ba mu ga shaidar halal ba. Na biyu gishiri. Hajiya na da hawan jini, gishirin da aka yarje wa babba a wuni bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma naman da aka adana da gishiri ba ya bin wannan lissafi. Wanda yake son nama lallai, gidajen abincin da ake zama a kawo maka sukan tanadi na halal in an sanar da su tun da wuri, aƙalla kwana guda kafin zuwa. Mu ba mu yi wannan shiri ba, don kujerunsu tun saura kwana 60 ake fara kamawa.

To amma ban yarda da iyayen da ke kai yaro irin wannan wuri su hana shi komai ba. Yaron da ya tsallako teku ya ga kowa na lasar askirim, ka ce masa ga karas, ka zalunce shi, kuma rigimar da za ta biyo baya ta fi sukarin illa. Abin da muka yi shi ne, tun a mota kowane yaro aka ce yana da abu ɗaya a wuni, duk abin da ransa ke so, shi zai zaɓa, shi zai faɗi lokaci. Abin mamaki, wannan ya kashe naci gaba ɗaya. Maimakon "saya min, saya min" a kowace kusurwa, sai suka koma masu nazari, suna wuce kanti suna cewa a'a, bari dai mu ga na gaba. Auta ya ƙare a kan askirim mai rufin cakulan da aka yi da siffar kan Mickey Mouse, ɓeran nan na Disney mai manyan kunnuwa. Yayarsa ta ja mu har kantin Aloha Isle don Dole Whip, wani daskararren abarba mai laushi wanda babu madara a cikinsa. Hajiya ta karɓi cokali ta ce, "Kawo in ɗanɗana, kishiya, kada ki cinye ke kaɗai." Cokali biyu ta yi ta mayar. Na gwada ta bayan la'asar, lafiya lau.

Rana ta uku Epcot muka je, wanda aka buɗe a 1982, kuma a nan ne na fi jin daɗi, ko da yake yara sun ce lilonsa bai kai na jiya ba. Akwai wani gini da ake kira The Land, a cikinsa ana hawa kwalekwale a hankali ya ratsa da kai ta cikin lambuna masu rufin gilashi. Ba na ado ba ne, noma ake yi na gaske. Ga ayaba, ga gwanda, ga latas jere a bututu babu ƙasa ko kaɗan sai ruwa mai sinadarin taki, ga wasu tsirrai a rataye saiwarsu a iska ana fesa musu ruwa, ga tankunan kiwon kifi har da karfasa. Akwai tumatirin da ake renonsa ya zama kamar bishiya, irinsa ɗaya ya taɓa ba da 'ya'ya sama da 32,000 a shekara guda. Hajiya, wadda mahaifinta manomin rani ne a bakin kogi, ta yi shiru tana kallo har muka fita, sannan ta ce, "Ikon Allah. Da Malam ya ga wannan da ya kwana a nan." Wani ɓangare na abin da ake girbewa a lambunan yana zuwa gidajen abincin da ke cikin ginin, don haka da muka zauna a Sunshine Seasons, Auta da ba ya taɓa ganye a gida ya ci latas don an ce masa wataƙila wanda ya gani ɗazu ne.

A nan na lura da abincin yara. Tun 2006 kamfanin ya sauya tsari, abin da ke zuwa da farantin yaro kai tsaye ya zama 'ya'yan itace ko kayan lambu da madara ko ruwa, mai son soyayyen dankali da lemon kwalba sai ya nema da bakinsa. Ƙaramin sauyi ne amma na ga hikimarsa, domin uwar da ta gaji abin da aka miƙo mata take karɓa. A kantunan tafi-da-gidanka kuma babu mai hana babba sayen farantin yara. Hajiya shi ta koma saya, ta ce shi ne daidai cikinta.

Da yamma muka zaga tafkin da aka jera rumfunan ƙasashe 11 a bakinsa, tafiyar kusan kilomita 2. Nan ne tarkon kwaɗayi yake, kowace ƙasa da ƙamshinta, mutum na iya ci daga Meziko har Kanada bai sani ba. Mun wuce yawancinsu da kallo. A rumfar Maroko muka yada zango. An buɗe ta a 1984, kuma Sarki Hassan na Biyu da kansa ya turo magina daga ƙasarsa suka yi aikin tayil da sassaƙa, hasumiyarta kwaikwayon ta masallacin Kutubiyya ce da ke Marrakesh. Cikin lungunanta akwai sanyi da ƙarar ruwa, ba ka jin hayaniyar waje. Mun tambayi wani ma'aikaci inda za mu yi salla, ya nuna mana wani gefe da ba a bi, muka shimfiɗa ɗankwali. Bayan mun idar Hajiya ta kwance jakarta ta raba dabino uku-uku da gyaɗa, ita ta ɗauki ɗaya. Wayata ta nuna mun yi taku sama da 19,000 a ranar. Sai a nan ta yarda aka karɓo mata keken guragu na haya, bayan kwana biyu tana cewa ita ba gurguwa ba ce.

Animal Kingdom muka bari a ƙarshe. An buɗe shi a 1998, shi ne mafi faɗi a cikin huɗun, kuma saboda dabbobi ba a ba da tsinken shan lemo na roba, sai na takarda. Da sassafe muka hau motar da ke zagayawa da mutane cikin dajin da aka shirya kamar na Gabashin Afirka, muka ga raƙuman dawa da giwaye da dorina. Hajiya ta hango bishiyar kuka ta yi murna kamar ta ga 'yar uwa, har ta fara ba jikokinta labarin miyar kuka, sai Yaya ya raɗa mata cewa da siminti aka gina ta. Ta ce ko ma da mene ne, wanda ya yi ta ya san kuka. A bakin fita akwai 'yar kasuwar 'ya'yan itace ta ƙauyen da suka sa wa suna Harambe, muka ƙara ayaba da lemon zaƙi a jaka, don namu ya kusa ƙarewa.

Abincin rana a Satu'li Canteen muka ci, a sashen Pandora da aka buɗe a 2017. Tsarinsu ya yi min: kai za ka zaɓi abin da za a sa a ƙasan kwano, shinkafa da wake ko dankali ko ganye, ka zaɓi abin da za a ɗora a kai, ka zaɓi miya. Na zaɓar wa Hajiya mai alamar koren ganye ba tare da na san ainihin abin da zai zo ba, an dai rubuta tofu. Da kwanon ya iso ta ɗauki ɗaya daga cikin 'yan gutsattsarin ta juya shi, ta gutsura, sai ta fashe da dariya har tana riƙe baki.

"Ke, wannan ai awara ce!"

Awara ce kuwa, ta waken suya, an soya ta da ɗan yaji, irin wadda yara ke saya a ƙofar gidanmu da yamma. Anti ta ce shekararta nawa a Amurka tana wuce tofu a kanti, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ita ce ba. Hajiya ta ce yajin bai ji ba. Ta laluba can ƙasan jakar guzuri ta fito da wani ɗan ƙulli da babu wanda ya san da shi a cikinmu, yajin ƙuli ne da ta daka da hannunta a Kano, wanda Yaya ya rubuta a takardar kwastan aka duba aka bar mata. Ta barbaɗa a nata, ta barbaɗa a na kowa.

Muna cikin ci hadari ya haɗo, irin na Florida da ke zuwa kusan kullum bayan azahar a wannan wata. Aka yi tsawa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, jama'a suka yi ta kwararowa ciki a jiƙe suna neman wurin tsayawa. Mu muna zaune, ciki a ƙoshe, gorunanmu cike da ruwa. Auta ya kwantar da kai a cinyar kakarsa ya yi barci. Na ɗauko na'ura na gwada ta: 128. Ta leƙo ta gani, ta gyara wa yaron kwanciya, sannan ta ce wa Anti, "In mun koma gida ki jiƙa min wake. Gobe hanyar Atlanta da nisa."